Bakkale: Ciwon Garke Da Ke Biyo Mutum Har Gida

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



 Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ga kuwa manya da suka fi ni shekaru da sani suna zaune.

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na dubi irin mutanen da ke cikin wannan ƙungiya. Akwai likita, akwai lauya, akwai ɗan kasuwa da ma'aikacin banki, ga kuma mu ma'aikatan gwamnati. Sana'o'inmu sun bambanta, amma akwai abu ɗaya da ya haɗa yawancinmu, wato kiwo. Duk wanda albashinsa ya ɗan yi saura, sai ka ga ya ɗaure tunkiya a bayan gida, ko ya sayi karsana ya kai ruga amana. Malamanmu da suka yi ritaya, da damansu kuɗin sallamarsu a shanu suka zuba shi. Matanmu da iyayenmu mata kuwa, akuya ita ce asusunsu. Wanda ma ba ya kiwo, ai yana shan fura da nono. Saboda haka na ga ya kamata in yi magana a kan wani ciwo da nake karo da shi a aikina na sashen kula da dabbobi, wanda yakan cinye dukiyar mai garke, sa'an nan ya kwantar da shi kansa.

Makiyaya suna kiran wannan ciwo bakkale, musamman idan suka ga saniya da kumburi a gwiwa ko tana zubar da ciki. Wasu kuma sukan ce masa ciwon ɓari. A asibiti sunansa burusalosis, ƙwayar da ke haddasa shi kuwa burusela. Ƙwayar bakteriya ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana da iri-iri: akwai wadda ta fi kama shanu, akwai ta awaki da tumaki wadda takan kama raƙuma ma, akwai ta aladu, akwai ta karnuka. Duk suna iya kama ɗan Adam, amma ta awaki da tumaki ita ta fi tsanani a jikinsa.

Yadda aka gano shi

Tarihin wannan ciwo yana da darasi, don haka ku ba ni dama in ɗan taɓa shi. A ƙarni na 19 sojojin Ingila da ke zaune a tsibirin Malta, cikin tekun Bahar Rum, sun yi ta fama da wani zazzaɓi mai naci, wanda yakan kwantar da soja wata da watanni. Har aka sa masa suna zazzaɓin Malta. A shekarar 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya fitar da ƙwayar daga saifar waɗanda ciwon ya kashe. Shi ne kuma daga baya ya yi aiki a kan sammore, ciwon shanu da ƙudan tsando ke yaɗawa, kuma daga sunansa aka samo kalmar burusela.

To, an ga ƙwaya, amma ta ina take shiga jikin mutum? An yi ta zargin iska da ruwa da sauro har kusan shekara ashirin. Sai a 1905 wani likita ɗan asalin Malta, Themistocles Zammit, ya gwada jinin awakin tsibirin, ya tarar da yawansu suna ɗauke da ciwon, kuma ƙwayar tana fita cikin nononsu, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. A lokacin, masu awaki kan kora su ƙofa-ƙofa su tatsa a gaban mai saye, kowa yana ganin ai babu nonon da ya kai wannan tsabta tun da a kan idonsa aka tatsa. A 1906 aka hana sojoji shan ɗanyen nonon akuya, nan da nan ciwon ya ja baya a barikoki. Su kuwa mutanen gari da suka ci gaba da sha, ya ci gaba da cin su shekara da shekaru.

A ɗaya gefen kuma, a 1897 wani likitan dabbobi a ƙasar Denmak, Bernhard Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari. Kowa ya ɗauka ciwo biyu ne dabam, sai a 1918 wata masaniya Ba'amurkiya, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayoyin nan biyu 'yan gida ɗaya ne, ta kuma yi gargaɗi cewa ɗanyar madarar shanu tana iya sa wa mutum ciwo. Masu sana'ar madara da wasu likitoci suka yi mata ca, suna ganin mace ce kuma ba ta da digirin dakta. Ita kanta ciwon ya kama ta a wurin aiki a 1922, ta yi fama da shi sama da shekara ashirin. Daga ƙarshe gaskiyarta ta fito, dafa madara kafin a sayar ya zama ƙa'ida a Amurka.

A nan Nijeriya an fara ba da rahoton ciwon a shanu tun 1927, wato kusan shekara ɗari ke nan yana tare da mu. A duniya baki ɗaya an daɗe ana cewa mutum 500,000 yake kamawa a shekara, amma wani bincike da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa adadin ya kai wajen miliyan 2.1, mafi yawansu a Afirka da Asiya.

Abin da yake yi wa garke

Saniya takan ɗauki ciki wata tara da 'yan kwanaki. Idan bakkale ya shige ta, ƙwayar takan tafi mahaifa ta yi ta hayayyafa, sai ciki ya zube bayan ya tsufa, galibi daga wata na biyar zuwa na takwas. Wani lokaci ta haifi maraƙi matacce, ko raunanne wanda ba zai yi kwanaki ba. Sau da yawa mabiyiya takan maƙale ta ƙi faɗowa. Nono ya ragu, saniya ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Bijimi kuwa marainansa su kumbura, ya kasa barbara. Haka abin yake ga awaki da tumaki.

Ga inda hatsarin yake. Ɗan tayin da ya zube, da mabiyiya, da ruwan da ya biyo su, cike suke maƙil da ƙwayar. Dabbobi kuwa kun san halinsu, sai sun sansana sun lasa. Ruwan ya jiƙa ciyawa, ya gangara mashaya, kare ya ja mabiyiya zuwa garken maƙwabci. Rana mai zafi tana kashe ƙwayar da wuri, amma a wuri mai laima da inuwa, kamar turke da damina, takan yi watanni da ranta.

Wani abin lura kuma, yawancin shanu sau ɗaya suke ɓarin. Bayan nan sai saniya ta ci gaba da haihuwa kamar ba abin da ya faru, mai ita ya ce ta warke. Alhali ƙwayar tana nan a hantsarta, tana fita cikin nono, tana kuma fita duk lokacin da ta haihu. Shi ya sa ba a gane mai bakkale da ido, ko da mutum ya yi shekara arba'in yana dillanci a kara.

Yadda yake kama mutum

Hanya ta farko, kuma mafi yawa, ita ce ta baki: shan madarar da ba a dafa ba, da duk abin da aka yi da ita. Mutane da yawa sun ɗauka idan nono ya yi tsami ya kashe duk wata cuta. Tsami yana rage ƙwayar, amma ba abin dogara ba ne. Abin da ke kashe ta tabbas shi ne wuta. Wasu masu nono suna tafasa madara kafin su kwantar da ita ta zama kindirmo, wasu ba sa yi, mai saye kuwa ba ya iya bambancewa da harshe. Haka ɗanyen man shanu da cukun da aka yi da ɗanyar madara. Ga kuma nonon raƙumi da mutane ke nema su sha ɗanye da sunan magani, har masu ciwon sukari da tsofaffi, waɗanda jikinsu bai da ƙarfin ɗaukar wani sabon ciwo.

Hanya ta biyu ita ce ta taɓawa. Akuya ta kasa haihuwa da dare, maigida ko uwargida ta sa hannu tsirara ta jawo ɗan. Saniya ta yi ɓari, a aiki yaro ya ɗauke ya jefar a juji. Ƙwayar tana shiga ta ɗan ƙaramin yanka ko kaushi, ko ruwan ya fantsama a ido. Mahauta da masu fiɗa da masu wankin kayan ciki a mayanka suna cikin wannan hatsari kullum, musamman idan aka yanka dabba mai ciki. Likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje su ma haka.

Hanya ta uku ita ce shaƙa, kamar wajen sharar turke mai ƙura. Don ku san ƙarfin wannan hanya, a 2019 a birnin Lanzhou na ƙasar Sin iska mai ɗauke da ƙwayar ta fita daga wata masana'antar allurar rigakafin dabbobi, kuma kafin ƙarshen 2020 gwaji ya nuna ta shiga jikin mutum sama da 10,000.

Nama dai idan ya dahu sosai ba a jin tsoronsa, sai dai a kula da hanta da saifa da hantsa kada a ci su da ɗanye-ɗanye. Da wuya ƙwarai mutum ya sa wa mutum wannan ciwo, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai jinya.

Zazzaɓin da ya ƙi jin magani

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Bayan ƙwayar ta shiga jiki, takan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ta nuna kanta, wani lokaci har wata biyu. Sa'an nan sai zazzaɓi ya fara, irin mai zuwa ya tafi. Da safe mutum ya tashi garau ya tafi ofis, da la'asar jiki ya yi zafi, da dare zufa ta jiƙa shi sharkaf har sai ya sake riga. Ga ciwon kai da kasala, ga ciwon gaɓoɓi da kwankwaso, ga rashin cin abinci da rama. Ya yi kwanaki ya ji sauƙi, ya ce ya warke, sai ciwo ya dawo.

Jama'a, wanene a nan zai ji waɗannan alamu bai ce zazzaɓin cizon sauro ba? Sai a nufi kemis. Idan bai tafi ba, a ce taifot ne, a yi gwajin Widal, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, a rubuta allurai da ƙarin ruwa. Mutum ya ɗan ji dama-dama, domin wasu magungunan taifot suna ɗan danne ƙwayar, bayan mako uku ya koma gidan jiya. Daga nan sai a fara cewa sanyin ƙashi ne, ko shawara, wasu ma su ce jifa ne.

Na san wani ma'aikaci, magidanci mai 'ya'ya huɗu, da ya sayi saniya a kara da araha. Ba a gaya masa ta taɓa ɓari ba. Ta haihu a gidansa, shi ya taimaka mata da hannunsa, iyali kuma suka yi ta shan madara da ɗuminta. Ya yi kusan wata bakwai yana yawon asibitoci da masu magani, kuɗin da ya kashe ya ninka rangwamen da ya samu a kan saniyar, har a ofis aka fara yi masa kallon mai ƙaryar ciwo. Abin da ya cece shi tambaya ɗaya ce da wani likita ya yi masa: kana kiwo? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dalilin nacin wannan ciwo shi ne ƙwayar tana shiga cikin fararen ƙwayoyin jini, wato su dakarun da ya kamata su kashe ta, ta ɓuya a cikinsu, su kai ta hanta da saifa da ɓargo. Idan aka bar ta, takan sauka a ƙashin baya ko a ƙugu har mutum ya kasa sunkuyawa. Takan kumbura wa namiji maraina. Mace mai ciki tana iya yin ɓari. Bai cika kisa ba, waɗanda yake kashewa ba su wuce biyu cikin ɗari ba, yawanci idan ya taɓa zuciya. Amma yakan mayar da ƙaƙƙarfan mutum ragwargwajajje, ya hana shi neman abinci shekara guda ko fiye.

Gwaji da magani

Abin farin ciki, ana gane shi kuma yana warkewa. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira Rose Bengal: a ɗiga ruwan jini a kan farin faranti, a gauraya da maganin gwajin, cikin minti huɗu a ga sakamako. Shi ake yi wa dabba, shi ake yi wa mutum. Idan ya nuna alama sai a ƙara da wasu gwaje-gwajen don tabbatarwa, har da shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Matsalar ita ce ba a yin gwajin sai an yi zargin ciwon, ba a kuwa zarginsa sai an san mutum yana hulɗa da dabbobi ko ɗanyen nono.

Maganinsa ba na kwana biyar ba ne. Ana haɗa magani biyu, a sha na tsawon mako shida: doksisaikilin tare da rifamfisin, ko doksisaikilin tare da allurar sitiraftomaisin ta mako biyu zuwa uku. Idan ya taɓa ƙashi ko zuciya, jinyar takan kai watanni. Mai ciki da yaron da bai kai shekara takwas ba, ba a ba su doksisaikilin, akwai wanda likita zai musanya musu. Na ambaci sunayen nan ne don ku san akwai magani, ba don wani ya je kemis ya haɗa wa kansa ba. Rifamfisin yana cikin manyan magungunan tarin fuka, shan sa barkatai yana sa tarin ya daina jin magani. Wanda kuma ya ji sauƙi a mako na biyu ya ajiye magani, to ya sani ciwon zai dawo.

Dabba kuwa ba a yi mata magani, domin ko an kashe kuɗi ƙwayar ba ta barin jikinta gaba ɗaya. Allurar da masu garke ke saye a kasuwa su tsira wa saniyar da ta yi ɓari asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Akwai allurar S19 da ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna wata uku zuwa takwas, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta. Awaki da tumaki nasu sunansa Rev 1. Ma'aikacin dabbobi ne ya kamata ya yi su, domin ƙwayar da ke ciki mai rai ce, wanda ya soki kansa da allurar tana iya sa masa ciwo. Mutum dai ba shi da allurar rigakafin da aka amince da ita, kariyarsa tana ga lafiyar dabbarsa. Ƙasashen da suka rabu da ciwon a shanunsu, kamar Ostireliya a 1989, sun yi haka ne da rigakafi da gwaji da yanka masu ciwo tare da biyan masu su diyya, kuma sun ɗauki shekaru masu yawa.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, a tafasa madara, ta saniya ce ko ta akuya ko ta raƙumi. Masana'antu suna ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, mu a gida ya isa mu ga ta tafaso. Mai sayen nono ya riƙe mai nono ɗaya da ya sani, ya tambaye ta cikin mutunci ko tana dafawa. Idan masu saye suka yi ta tambaya, masu sayarwa za su yi ta dafawa. Man shanu kuma a soya shi.

Na biyu, duk ɓarin da aka yi a turke a ɗauke shi gargaɗi. Kada a taɓa da hannu tsirara. In babu safar hannu, a sa leda biyu. A haƙa rami mai zurfi a binne ɗan tayin da mabiyiya inda kare ba zai tono ba, ko a ƙone su. A ware dabbar daga sauran, a wanke wurin, a kira malamin dabbobi ya ɗebi jini. Mata masu ciki da yara su nisanci wurin haihuwar dabbobi.

Na uku, kada a shigo da sabuwar dabba cikin garke sai an gwada ta, a kuma ware ta na kamar wata guda. Wanda ya ba da kiwo a ruga, idan ya je dubawa kada ya tsaya ga ƙirga kawuna, ya tambayi nawa suka yi ɓari bana. Idan kuma gwaji ya nuna dabbarka tana da ciwon, hanyarta mayanka ce, da sanin ma'aikacin da ke duba nama. Kai ta kara a sayar wa mai neman ta kiwo ba tare da an faɗa masa ba, zalunci ne, kuma mai sayen yana iya zama ɗan ajinku.

Na huɗu, duk wanda zazzaɓi ya wuce masa mako biyu, ya sha maganin cizon sauro da na taifot bai tafi ba, to ya buɗe baki ya gaya wa likita cewa yana kiwo, ko yana fawa, ko yana shan ɗanyen nono, ya nemi a gwada shi. Likitocinmu da ma'aikatan jinya da ke cikin wannan zaure, ina roƙonku ku riƙa yin wannan tambaya ko da layi ya yi tsawo.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, muna fatan wannan ciwo zai samu kulawa a cikin ayyukanta. Amma kafin nan, ina ba kwamiti shawara abu biyu da ba su fi ƙarfin aljihunmu ba. Ɗaya, a taro mai zuwa a gayyato likitan dabbobi ya zo da kayan gwaji, a fara da garkunan malamanmu da suka yi ritaya. Biyu, mu nemi izinin shugaban makaranta mu riƙa zuwa sau ɗaya a shekara muna yi wa ɗalibai wannan bayani, domin da yawansu su ke ba dabbobi ruwa da dusa a gida, su kuma ake aika su zubar da abin da dabba ta ɓarar.

Iyayenmu malamai, ku kuka koya mana wanke hannu da tafasa ruwa tun muna aji ɗaya, abin da na yi yau ƙari ne kawai a kan darasinku. Ina shirye in amsa tambayoyi idan shugaban taro ya ba da dama.